Me ya sa da an ga hadari sai a ɗauke wuta? Fashin baƙi kan layin lantarki mai sarrafa kansa a karkarar Kano da Jigawa

Duk wanda ya yi zaman karkara a Kano ko Jigawa ya san abin da ke faruwa da farkon damina. Hadari zai haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa darbejiya, kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa an ɗauke wuta. In an yi sa'a ta dawo bayan ruwa ya tsagaita. In ba a yi ba, sai a kwana uku, a shiga mako, mai injin niƙa ya koma sayen dizal, mai ƙanƙara ya yi asarar abin da ke cikin firiza, mai cajin waya ya ƙara kuɗi. Ka tambaya a ce maka layi ne ya samu matsala. A ina? A nan gizo ke saƙar, domin sau da yawa su kansu ma'aikatan ba su sani ba tukuna, nema za su fita yi.

Mun saba ɗora duk laifin duhu kan ƙarancin wutar da ƙasa ke samarwa, kuma ƙarancin gaskiya ne, zan zo kansa. Amma akwai wani duhun da ba ruwansa da Kainji ko Shiroro. Wuta tana nan a tasha, layin da zai kawo ta ne ya faɗi, kuma ba shi da hanyar gaya wa kowa inda ya faɗi. Abin da ake kira layin rarraba wuta na zamani, mai sarrafa kansa, don maganin wannan duhun aka ƙirƙiro shi.

Wutar da ke kunna ƙwan ɗaki a Auyo ko Bunkure tafiyayyiya ce. Wata daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru take, mafi yawanta kuma daga tashoshin gas na kudu. Tana hawa manyan layuka masu ƙarfin 330kV, wato bolt dubu 330, ta biyo ta Mando a Kaduna, ta sauka a Kumbotso. A nan ake rage ta zuwa 132kV a tura tashoshi irin su Dakata, Ɗan Agundi, Dutse da Haɗeja, su kuma su mayar da ita 33kV. A cikin birni akan sake rage ta zuwa 11kV kafin ta shiga unguwanni, amma garuruwan karkara da yawa taransifomarsu kai tsaye take rataye a jikin layin 33kV, ita ce ke sauko da wutar zuwa bolt 415 na injina da kusan 240 na gidaje. Manyan layukan da tashoshinsu na kamfanin TCN ne na gwamnatin tarayya. Daga 33kV zuwa ƙofar gida kuwa, tun ranar 1 ga Nuwamban 2013 da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 ga 'yan kasuwa, kamfanin KEDCO ke riƙe da Kano, Katsina da Jigawa. Maganarmu ta yau a kan wannan zangon na ƙarshe take, daga tasha zuwa gida.

A bakin kowane layi, can cikin tasha, akwai babban makunni da wata na'ura mai gadinsa da ake kira rile. Da ta ji wutar da ke bin waya ta yi tsalle fiye da kima, alamar waya ta taɓa ƙasa ko ta haɗu da 'yar'uwarta, sai ta sa makunni ya buɗe nan take. Haka ya kamata, in ba haka ba waya za ta narke, taransifoma ta kama da wuta, wanda ya taka wayar da ta faɗo ya rasa ransa. Matsalar ita ce a layukan karkara da yawa makunnin nan shi kaɗai ne tilo, alhali layin ya yi tafiyar gomman kilomita, ya yi rassa, ya ratsa ƙananan hukumomi biyu ko uku. Reshen mangwaro ɗaya a wani ƙauye na can ƙurya ya isa ya jefa dukkansu cikin duhu.

Ma'aikacin tasha zai ɗan jira ya gwada mayarwa. In ta zauna, shi ke nan. In ta sake faɗuwa, sai a bar layin a buɗe a kira masu gyara. Su kuma sai gari ya waye, sai an samu mota da mai. Su bi layi falwaya bayan falwaya, ta gonaki, ta fadama, inda mota ba ta shiga a hau babur, inda babur ya maƙale a taka da ƙafa. In ido bai gano ba, sai su je tsakiyar layin, ɗayansu ya hau tsani ya kwance jamfa, wato guntuwar wayar da ke haɗa wannan ɓangare da wancan, a buga wa tasha waya a ce a gwada. In wuta ta zauna, matsalar tana gaba. In ta faɗi, tana baya. A sake raba ɓangaren da ake zargi gida biyu, a sake hawa tsani, a sake gwadawa. Abin da ake nema ɗin kuwa wani lokaci tangaran ɗin da ke riƙe waya a saman falwaya ne ya yi 'yar tsaga da ba a gani daga ƙasa, sai ruwa ya jiƙa shi yake zubar da wuta. Ni ba na ganin laifin waɗannan bayin Allah, aiki ne na lalube aka ba su. Gyaran kansa ba ya wuce awa guda ko biyu. Neman ne ke cin kwanaki. Saboda gudun wannan wahala ne ma a wasu wuraren ake kashe layi da gangan da an ga iska ta taso, don an san falwayoyinsa sun tsufa, wayoyinsa sun saki.

To mene ne sabon abin? Na farko kuma mafi amfani gare mu shi ne makunni mai sake haɗa kansa, wanda ma'aikata ke kira rikuloza. Injiniyoyi sun daɗe da lura cewa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na abin da ke kayar da layin sama ba ya daɗewa: reshe ya taɓa waya iska ta janye shi, tsawa ta faɗa kusa, jemage ko babban tsuntsu ya haɗa wayoyi biyu, iska ta kaɗa wayoyi suka gogi juna. In aka yanke wutar na ɗan lokaci tartsatsin ya mutu, layin lafiyarsa ƙalau. Rikuloza akwati ne da ake ɗaurawa a saman falwaya, da ƙaramin akwatin ƙwaƙwalwarsa mai batir a ƙasa da shi. Ya ji matsala ya buɗe, ya jira daƙiƙa kaɗan ya rufe. In an wuce wurin, abin da za ka gani a gida ƙiftawar fitila ce kawai. In matsalar tana nan ya sake gwadawa, yawanci har sau uku, sannan ya kulle kansa ya bar abin da ke gabansa a kashe. Garuruwan da ke bayansa, tsakaninsa da tasha, wutarsu ba ta motsa ba.

Manomin rani na Kadawa zai gane wannan tun kafin in rufe baki. Ruwan Tiga yana biyo babbar magudana, kowane reshe da ƙofarsa. In ƙaramar magudana ta ɓalle a wajen Garun Malam, ƙofar wannan reshen ake rufewa, masu shinkafa a Kura su ci gaba da ban ruwa. Layin wutar karkararmu magudana ce mai ƙofa ɗaya rak, ita ma a bakin dam.

A kan rassan layi akan sa wani makunnin mai sauƙin kuɗi wanda ke ƙirga sau nawa rikuloza ya buɗe, in ya ga matsalar a reshensa take sai ya cire kansa a daidai lokacin da babu wuta, rikuloza ya rufe, sauran layi ya ci gaba. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake ratayawa a jikin waya. In wutar matsala ta bi ta cikinta sai ta fara walƙiya, mai ɗauke da sim kuma ta tura saƙo ofis. A jera irinta a kan layi, ta ƙarshe da ta ga matsalar da ta farko da ba ta gani ba, to tsakaninsu za a nufa. Tafiyar yini biyu ta koma ta hantsi.

Duk waɗannan saƙonni suna taruwa ne a ɗakin kula, ta tsarin da injiniyoyi ke kira SCADA. Mutum yana zaune gaban allon kwamfuta yana ganin taswirar layuka, wane makunni ne a buɗe, wanne ne a rufe, nawa kowane layi ke ja, kuma daga kujerarsa zai iya buɗewa ko rufewa. Matakin da ya fi wannan shi ne kwamfutar ta yi da kanta: ta gano inda matsala take, ta killace wurin, ta zagayo wa mutanen da ke gaba da wuta ta wani layin daban, duk cikin minti guda ko biyu. Birnin Chattanooga na Amurka ya yi suna a wannan, bayan tallafin da ya samu daga gwamnatin ƙasar a 2009 ya kafa irin waɗannan makunnai kusan 1,200 a layukansa. Sai dai kada a sayar mana da abin da ba namu ba. Zagayo da wuta yana yiwuwa ne inda layuka suka haɗu da juna, kamar a cikin birni. Layin karkara miƙaƙƙe ne, ya tashi daga tasha ya ƙare a daji. In ya tsinke a tsakiya, na gaba sai haƙuri har a gyara, duk wayon kwamfuta. Abin da za a iya yi shi ne inda wutsiyar layi biyu suka kusanci juna a ja 'yan kilomita a haɗa su, a sa makunni a tsakani. Wannan aikin falwaya da waya ne, ba na kwamfuta ba, kuma shi ya kamata ya riga.

Yanzu mu sauko gindin taransifoma, inda na fi jin ciwon abin. Je ka duba ta garinku da kyau. Wayoyi huɗu ne ke fita daga jikinta, uku masu wuta da ake bambantawa da ja, rawaya da shuɗi, sai ta huɗu da ake kira nutiral. Ƙa'ida ita ce a raba gidaje daidai wa daida a kan ukun nan. Amma ran da layin ja ya ɗauke saboda fis ɗinsa ya tsinke, sai kowa ya kira yaron unguwa mai ɗan sanin wayarin ya hau falwaya ya mayar da gidansa kan rawaya. Bayan an gyara ba mai komawa. A kwana a tashi, layi ɗaya ya ɗauki kayan biyu. Fis ya yi ta tsinkewa, a gaji a naɗa masa wayar tagulla mai kauri wadda ba ta tsinkewa, to daga ranar taransifoma ba ta da mai tsaronta. Watan Afrilu ya zo, zafi ya haura digiri 40, kowa ya kunna fanka da firiza, man da ke sanyaya ta ya ragu ko ɓarayi sun zuƙe, takardar da ke lulluɓe da naɗin wayar cikinta ta fara gasuwa. Sanannen lissafi ne wajen injiniyoyi cewa duk ƙarin digiri 6 zuwa 8 a kan zafin da aka ƙera ta ta jure yana cinye rabin kwananta. Ba dare ɗaya take mutuwa ba. Watanni take yi tana jinya ba mai dubiya.

Ran da ta buga an san sauran: taro a ƙofar gidan dagaci, a yanka wa kowane gida abin da zai kawo, masu injina su ba da kaso mai tsoka, a tashi wakilai wajen ɗan majalisa, a yi wata uku ana karo-karo a cikin duhu. Alhali hukumar NERC mai kula da harkar wuta ta sha nanata cewa sayen taransifoma, falwaya da waya ko gyaransu nauyin kamfani ne ba na mai shan wuta ba, in kuma al'umma za ta zuba kuɗinta to a yi yarjejeniya a rubuce kan yadda za a mayar mata. Mita ɗaya mai sim a jikin taransifomar nan, wadda ke aika abin da kowane layi ke ja da zafin mai duk bayan 'yan mintuna, da ta nuna ciwon tun yana ƙarami. Maganin a lokacin bai wuce ma'aikaci ya zo da tsani ya mayar da wasu gidaje kan ja da shuɗi ba. Kuɗin mitar kuwa ko kusa bai kama ƙafar na sabuwar taransifoma ba.

Haka maganar wutar da ba ta da ƙarfi, wadda ƙwai zai yi ja, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar. Doguwar waya siririya tana shanye ƙarfin wuta a hanya, kuma in abin da ake ja ya ninka sau biyu, asarar da ake yi a jikin waya ninkawa take sau huɗu. Injin casar shinkafa in bai samu cikakken ƙarfi ba sai ya ƙara ja, ya yi zafi, koyil ya ƙone, a ɗauke shi zuwa wajen mai naɗi. Akwai na'urorin da ke ɗaga ƙarfin wuta ko sauke shi da kansu gwargwadon yadda ake ja, a tasha ko a tsakiyar layi. Amma sai an san ƙarfin da ke isa gidan ƙarshe kafin a san inda za a kafa su.

Mutane da yawa suna ɗauka mitar kati ita ce mita ta zamani. Ba ita ba ce. Mitar kati kurma ce, lambobi 20 kake danna mata ta ba ka wuta, ba ta magana da kowa. Shi ya sa kafin ranar 24 ga Nuwamban 2024 aka yi ta rububin karɓo wasu lambobi na musamman ana shigarwa da hannu, domin tsarin lambobin katin ya zo ƙarshen zagayensa kuma babu hanyar gyara mitocin daga nesa. Mita ta zamani tana aikawa kuma tana karɓa. Tana faɗin abin da aka sha, da lokacin da wuta ta ɗauke da lokacin da ta dawo, da ƙarfin da ta zo da shi, in an buɗe murfinta ma ta kai ƙara. Kamfanin Enel na Italiya ya sa irinta kusan miliyan 30 tsakanin 2001 da 2006, don haka ba sabon abu ba ne a duniya.

Amfaninta ga kamfani a fili yake. A ce mitar taransifoma ta nuna yunit 10,000 sun fita a wata, mitocin gidajen da ke ƙarƙashinta suka haɗa 7,000, to an san akwai inda wuta ke zurarewa, kuma an san unguwar. Ba zan ɓoye ba, mu ma muna da namu laifin. Jona waya ta bayan mita sata ce, kuma maƙwabcin da ba shi da mita ne ke biyanta a bil ɗin ƙiyasi. Amma amfaninta gare mu ya fi. Tun Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka kan abin da za a rubuta wa marar mita, duk da haka rigimar "ai wuta ba ta zo ba" da "ai ta zo" ba ta ƙare ba, saboda babu shaida. Mitar da ke rubuta awanni shaida ce wadda ba ta jin tsoron kowa.

Na ce zan dawo kan ƙaranci. Injinan samar da wuta da aka kafa a Najeriya sun kai na megawat 13,000 a takarda, amma abin da ke isa layi yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, mafi yawan da aka kai a watan Maris na 2025 shi ne kusan 5,800. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kason Kano, Katsina da Jigawa kashi 8 ne cikin 100, wato megawat 300 da wani abu ga jihohi uku. Babu na'urar da za ta haifi wutar da ba a samar ba. A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, kuma ko da kowace falwaya a Jigawa tana da rikuloza da haka za a kwana.

Tunda ba ta isa, dole kullum a yanke wa wani. Wutar ƙasa tana kaɗawa ne sau 50 a daƙiƙa, kuma ƙa'ida ita ce kada ta fita daga tsakanin 49.75 da 50.25. In masu ja suka fi abin da ake samarwa sai kaɗawar ta fara sauka, in ba a yi maza an rage kaya ba injina su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya, shi ne abin da muke ji a rediyo an ce babban layin ƙasa ya durƙushe. Cibiyar kula ta ƙasa da ke Osogbo ce ke sa ido kan wannan, ita ke cewa a rage. Wa za a rage? A nan ne nake da fargaba game da sarrafa layi da na'ura, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan fiye da duk abin da na faɗa.

An kasa masu shan wuta rukuni biyar. Rukunin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, sauran aka bar su a tsohon farashi mai tallafi. Ka sa kanka a matsayin ɗan kasuwa: yunit ɗaya a hannunka, wani zai biya ninki uku kuma yana da mita, wani yana ƙarshen dogon layi mai yawan asara kuma karɓar kuɗi wajensa sai an kai ruwa rana. Ba sai an faɗa ba. Yau kafin a yanke layin ƙauye sai an buga waya wani ya tashi ya je ya buɗe makunni. Gobe kwamfuta ce za ta yi cikin daƙiƙa, bisa jerin da aka rubuta mata. Ita ba ta san asibitin karkara da firjin allurar rigakafi ba, ba ta san tashar ruwan famfo ba, ba ta san lokacin da masu casa ke cikin kakar shinkafa ba, sai in an rubuta mata. In an bar rubuta jerin nan ga mai neman riba shi kaɗai, na'ura za ta ƙara wa karkara saurin shiga duhu ne kawai. In kuwa an rubuta shi da adalci, ita ɗin ce za ta iya abin da hannu ba zai iya ba. Maimakon a kashe gari ɗungurungum, ana iya umartar mitoci su taƙaita kowane gida kan abin da zai kunna fitila, fanka da cajin waya na 'yan awanni, layin asibiti kuma a bar shi cikakke.

Hasken rana shi ne inda Allah ya hore mana, kuma shi ma ba ya tafiya sai da wannan sarrafawar. An buɗe tashar sola mai megawat 10 a yankin masana'antu na Challawa a Janairun 2023, akwai kuma mai megawat 1 a Zawaciki da aka haɗa da layin kamfanin rarrabawa. Dokar NERC ta 2016, wadda aka sabunta a 2023, ta ba 'yan kasuwa damar kafa ƙaramar tasha da layinta har zuwa megawat 1, ko a garin da wuta ba ta je ba ko a wanda take zuwa jefi-jefi. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin waɗannan ayyuka ta hannun hukumar samar da wuta a karkara, REA. A irin wannan tasha ƙwaƙwalwar na'ura ce ke yanke hukunci kowane lokaci: yanzu rana ce za ta ɗauki gari, yanzu a cika batir, gajimare ya rufe a jawo daga batir, wutar ƙasa ta zo a karɓa, ta ɗauke a cire gari daga layi ya tsaya da ƙafarsa. Cirewar nan batun rai ne. Tsohon layi an gina shi wuta ta bi hanya ɗaya, daga tasha zuwa gida. In sola ta ci gaba da tura wuta baya cikin layin da ma'aikaci ya tabbatar an kashe daga tasha, ya hau ya kama waya, sai dai gawarsa.

Akwai kuma dabarar da na ga ta dace da garuruwan masu injina. Babban inji in zai tashi yana jan ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ci in ya daidaita. Injinan casa uku su tashi tare, ƙaramar tasha ta durƙusa. Amma da mitoci masu jin umarni ana iya ba kowa lokacinsa, a kuma sauƙaƙa farashi daga hantsi zuwa la'asar lokacin da rana ke bayarwa a yalwace, masu niƙa, masu walda da masu ban ruwa su yi aikinsu a nan, a bar wa gidaje batir da dare.

Kayan nan suna da nasu raunin, kuma ƙasarmu ba ta raga wa kaya. Batirin akwatin rikuloza yana mutuwa da wuri a zafinmu, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, sabis ɗin waya yana ɗaukewa a daidai lokacin hadarin da ake buƙatarsa, ɓarawon da ya kwance wayar tagulla ba zai ƙyale batir da faifan sola ba. Na'urar da ta mutu ba a sani ba ta fi rashinta haɗari. A ranar 14 ga Agustan 2003 manhajar ƙararrawa ta wani ɗakin kula a jihar Ohio ta tsaya, layuka suna taɓa bishiyoyi suna faɗuwa ma'aikata ba su da labari, ƙarshe mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada suka rasa wuta. A Disamban 2015 kuma masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarrabawa a Yukiren suka buɗe makunnai daga nesa, masu shan wuta sama da 200,000 suka shiga duhu. Abin da ya cece su shi ne ma'aikata sun fita sun rufe makunnan da hannu cikin 'yan awanni. Don haka mai tsani ba zai rasa aiki ba, ƙarin ilimi zai buƙata. Muna da inda za a horar da yaranmu, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ga kwalejojin fasaha na Kazaure da Haɗeja. In mai saita rile sai an ɗauko shi daga Legas, ranar da ta rikice cire ta za a yi a haɗa waya kai tsaye.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumarsu su tsara kasuwar wuta a cikin iyakarsu, kuma Inugu, Ekiti da Ondo sun fara karɓar nasu tun 2024. Duk wanda ke riƙe da wannan iko a kanmu, na Abuja ne ko na Kano da Dutse, akwai abin da zai iya wajabtawa ba tare da jiran biliyoyi ba. Kowane dogon layin karkara a raba shi da rikuloza, kowace taransifoma a sa mata mita, a kuma yi rajistar wane gida ne ke kan wace taransifoma, domin kwamfutar da aka ba taswirar ƙarya hukuncin ƙarya za ta yanke. Tun 2024 an wajabta wa kamfanoni su riƙa wallafa awannin da layukan rukunin A suka samu. Ban ga dalilin da zai hana a yi wa na D da E haka ba, tare da jerin waɗanda ake fara yankewa in wuta ta yi ƙaranci, a karanta a rediyo da Hausa.

Kafin nan, kwamitin wuta na kowane gari yana da haƙƙin ya je ofishin yanki ya tambayi sunan layin da yake kai da rukunin da aka sa shi, ya ajiye littafi a wajen mutum ɗaya amintacce yana rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke. In awannin ba su kai alkawarin rukunin ba, a rubuta koke zuwa sashen sauraron koke na kamfani a karɓi shaidar an miƙa. In ba a warware ba, a ɗaukaka zuwa zauren sauraron koke na NERC, a tafi da littafin.